DAGA FAGE ZUWA FEGI: TARIHIN FILAYEN ILLELA

 Barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili namu na mako-mako. Wannan karon layi ya zo kanmu, mu 'yan Illela ta jihar Sakkwato, ba Illelar da ke cikin jihar Tawa ta Nijar ba. Tun da kalmar fili ta riga ta fito daga bakinmu, a kanta za mu tsaya. A wajenmu hili muke cewa, kuma kalmar ɗaya ce ko ana nufin wurin buga ƙwallo, ko inda ake kafa rumfar biki, ko abin da dillali yake sayarwa.

A bayan unguwarmu akwai wani fili da muka tashi muka tarar. A nan muka koyi ƙwallo ba takalmi, a nan yayyenmu suka yi langa, kuma iyayenmu sun ce a nan ake kafa fagen kokowa idan an gama girbi. Duk auren da aka ɗaura a unguwar, a nan mata suke wuni. Wata Asabar da safe, ba a daɗe da buɗe boda a ƙarshen 2020 ba, muka fito da ƙwallonmu sai muka ga turakun siminti an jera su layi-layi, an shafa musu jan fenti. Ɗaya yana daidai inda mai tsaron gida yake tsayawa. Muka sami wani dattijo da ke zama gindin bedi a gefen wurin, muka gaishe shi.

"Baba, wa yas sa turakun ga?"

"Magada sunka raba, ɗiyana. Ku nemi wani wuri."

Ran nan mun yi fushi ƙwarai, muna ganin an ƙwace mana abinmu. Sai daga baya, da muka je Sakkwato karatun difloma muka fara leƙa littattafan tarihi, muka gane filin bai taɓa zama namu ba. Aro ne aka ba mu, aron da ya daɗe har muka manta da mai shi.

Ga yadda abin yake. A ƙasar Hausa gona ta mai ita ce da damina, da rani kuwa kusan ta kowa ce. Da an yanke gero an roro wake, sai makiyaya su shigo da dabbobi su ci kara su bar taki, mata su ratsa zuwa rijiya, samari su share tsakiya su kafa fage. Ba wanda yake neman izini a rubuce, domin mai gona ba ya asarar komai, ribar taki ma yake samu. Ruwan farko yana sauka kowa ya san ya tattara nasa, wuri ya koma hannun mai shuka. Shi ya sa kokowa da dambe wasannin kaka ne: rumbu ya cika, jiki ya huta, ga kuma wuri. Waƙoƙin da Ɗan Anace ya yi wa su Shago da Ɗandunawa, a irin waɗannan fagage aka fara jin su, ba a ginannen ɗakin wasa ba.

Ban da gonakin mutane, akwai hurumi, wato ƙasar da gari ya keɓe ba a ba kowa: makiyaya, burtali, maƙabarta, filin idi, bakin tafki. Malaman jihadi ba su bar wannan magana ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo yana da littafi mai suna Ta'alimur Radi a kan hanyoyin da mutum yake mallakar ƙasar da ba wanda ya raya. Kuma mu nan ba nesa muke da tushen wannan tarihi ba. Kakannin Shehu Usmanu a Ƙonni suka zauna, an haife shi a Maratta cikin 1754, Degel kuwa tana kudu da mu, wajen Gwadabawa. A lokacinsu wanda ya tashi daga Degel zuwa Ƙonni bai ƙetare iyakar kowa ba.

Turakun farko da aka kafa mana ba na dillali ba ne, na Turawa ne. Ranar 14 ga Yuni 1898 Ingila da Faransa suka sa hannu a kan wata yarjejeniya, suka ɗauki birnin Sakkwato a matsayin cibiya, suka zana baka mai nisan mil 100 a arewa da shi. Abin da ke cikin bakan na Ingila, na waje na Faransa. A wannan zane Ƙonni cikin rabon Ingila ta faɗa. Ku lura, Sakkwato ba ta faɗa hannun Turawa ba sai 15 ga Maris 1903. An raba gona tun mai ita yana ciki yana noma. A watan Mayu 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta auka wa Birnin Ƙonni ta yi kisan da har yau tsofaffin can ba su daina faɗa ba, makonni kaɗan bayan karonta da Sarauniya a Lugu, labarin da Abdoulaye Mamani ya mayar littafi a 1980.

Faransawa suka yi ta ƙorafi cewa hanyar da aka bar musu daga kogin Kwara zuwa Damagaram ba ta da rijiyoyi. A yarjejeniyar 8 ga Afrilu 1904 aka turo layin kudu, Maraɗi ta koma hannunsu. Aka ƙara gyara a 1906, Ƙonni ma ta koma hannunsu, sannan daga shekarar zuwa 1908 Tilho na Faransa da O'Shee na Ingila suka bi daji suna kafa alamomi, guda 148 daga Kwara zuwa tafkin Chadi. Da an bar zanen 1898, da yau Ƙonni ƙaramar hukuma ce a jihar Sakkwato, mu kuma gari ne kawai a kan hanya. Neman ruwan sha na ayarin Faransa shi ya mai da mu bakin ƙasa.

Wannan layi shi ne arzikin Illela, shi ne kuma ciwonta. Titin da ya taso daga Sakkwato ya ratsa Kware da Gwadabawa, kilomita tamanin da 'yan kai, a wajenmu yake ƙarewa. Ka ƙetare, 'yan mintuna a kan kabu-kabu, kana Ƙonni, a kan babban titin Yamai zuwa Damagaram, ga kuma hanyar Tawa da Agadas. Kasuwarmu ranar Lahadi take ci, tasu Laraba. Shanu da raƙuma da tumaki da wake suna gangarowa, hatsi da kayan masana'anta da man fetur suna haurawa, albasar Galmi da tamu suna haɗuwa a buhu. Inda kuɗi biyu suka haɗu, naira da sefa, ɗan canji ba ya rasa abin yi. Wanda ya samu a kara ko a canji kuwa, abin da ya fara tunani shi ne ƙasa, domin saniya tana mutuwa, naira tana faɗuwa, fili yana nan.

A takarda, ƙasa ba ta kowa ba ce. Dokar Turawa ta 1910 ta sa ƙasar Arewa duka a hannun gwamna, dokar 1962 ta gaje ta, sannan dokar amfani da ƙasa ta 1978, zamanin mulkin soja na Obasanjo, ta danƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamnanta, ƙananan hukumomi kuma su ba da izinin zama a karkara. A aikace, abin da muka tashi muka gani dabam ne. Mai saye da mai sayarwa su zauna a zaure, ga dillali yana jiran la'ada, ga shaidu, ga mai unguwa, a rubuta takardar ciniki da hannu, a yi fatiha. Hanyoyin da na samun gona, gado da aro da jingina da kyauta, duk suna barin ƙofa a buɗe, domin gonar tana nan gona. Saye don gini shi ne ya zo da katanga. Katanga kuwa ba ta san rani da damina ba.

Wanda ya iya kallo zai karanta tarihin boda a jikin gine-ginen garinmu. Cikin tsohon gari ginin ƙasa ne da azara da zaure. Ka ɗan fito sai gidajen kwano na zamanin da naira take da ƙarfi, wanda iyayenmu suke kira lokacin Udoji. Gaba kuma bulo da siminti, da jerin shaguna da sito a bakin titi. Tsakaninsu akwai kangaye, ginin da ya kai linta ya tsaya, kuma idan ka tambaya sau da yawa za ka tarar shekarar tsayawarsa shekarar rufe iyaka ce. An rufe a Afrilu 1984 zamanin Janar Buhari, ba a buɗe ba sai 1986, ga fari a kai, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar lokacin sunansa. An sake rufewa a Agusta 2019, a Nuwamba aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, wanda ya haɗa da mu. Da aka tashi buɗewa ranar 16 ga Disamba 2020, iyakoki huɗu aka fara ambata: Seme, Illela, Maigatari da Mfun. Sai juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, ECOWAS ta sa takunkumi, manyan motoci suka yi layi da kaya suna lalacewa, har Maris 2024. Duk lokacin da aka rufe, sito ya zama wayam, ɗan haya ya tashi, magini ya rataye cokalinsa. Masu kuɗi a hannu kuma a lokacin suke sayen fili da araha daga wanda ya matsu.

Mu koma wajen wasa. A nan maƙwabtanmu sun yi mana nisa, kuma gara mu faɗa. A 1975, shekara guda bayan hawan Seyni Kountché, Nijar ta fara gasar kokowa ta ƙasa a Tawa, Kantu na Maraɗi ya zama zakaran farko. Yau jihohi takwas kowace tana kawo 'yan kokowa goma, ana zagayawa da gasar daga jiha zuwa jiha, wanda ba a kayar ba ya ɗauki takobi. Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne sun gina wa kokowa gida. Fagen Maraɗi sunan Kantu yake ɗauke da shi, na Doso sunan Salma Ɗan Rani. Ba magajin da zai wayi gari ya kafa turke a cikinsu. Idan lokacin takobi ya zo, mu nan Illela gidan talabijin da rediyon Nijar muke kamawa, yaran da ba su taɓa ganin kokowa a unguwarsu ba sun san Issaka Issaka na Doso kamar ɗan gidansu. Kokowar da kakanninmu da nasu suka yi tare a gona ɗaya, su sun ba ta mazauni, mu mun bar ta a kan aro.

Ƙwallo ta shigo ta makarantun boko, ta fito ta mamaye gonakin rani. Ita ma aron ta gada. Bambancin kawai, kokowa da'ira kaɗan take so, ƙwallo kuwa ci gare ta. Mu yi lissafi. Cikakken filin ƙwallo ya kai mita 105 a tsawo, 68 a faɗi. Fulotin da aka saba yankawa ƙafa 50 ne da 100. Ke nan fili guda zai ba da fuloti wajen 15 kafin a cire hanya. Ka sa kanka a matsayin magada goma, cikinsu da gwauruwa mai tumunin takaba da 'yan mata masu jiran kayan ɗaki, a ce maka ka bar fuloti 15 saboda yaran unguwa su yi gumi da yamma. Mun yi wannan lissafin ne muka daina zagin magadan filinmu. Ba zalunci suka yi ba, haƙƙinsu suka raba kamar yadda shari'a ta ce. Inda aka yi sake shi ne, lokacin da gari yake faɗaɗa ba wanda ya tsaya ya ce ga sabon hurumi, kamar yadda na da suka yi.

Da filaye suka fara ƙaranci, sai ga gidan kallo. Nasarar Atlanta a 1996, zuwan Kanu Arsenal a 1999 da na Mikel Chelsea a 2006, su suka raba samarin garinmu gida-gida. Rumfar kwano, benci, janareta, allo a ƙofa an rubuta wasannin yau da alli. Wurin da bai kai rabin fuloti ba yana ɗaukar mutanen da a da sai fage. Mu ma 'yan kallo ne, ba za mu yi munafunci ba. Amma wasan ƙarfe uku na Ingila yana faɗowa ne wajen la'asar a nan, daidai lokacin da a da ake fita fili. Yaro ya san sunan filin wasan Landan da Manchester, bai taɓa shiga Giginya a Sakkwato ba.

Shi kansa ƙarshen mako baƙo ne a wajenmu. Makonmu na asali Juma'a ce da ranakun kasuwa. Lahadin da ma'aikaci yake hutu, ita ce ranar da Illela ta fi kowace rana aiki: mai shayi, mai tuwo, ɗan kamasho, mai kura, dillalin shanu, ba mai zama. Saboda haka hidimar iyali ta matse cikin Juma'a da Asabar. A ɗaura aure bayan an sauko masallaci ko Asabar da hantsi, don ɗan uwa ma'aikaci ya samu zuwa daga Sakkwato, dangin Ƙonni su ƙetaro, kowa kuma ya kama kasuwarsa washegari. Suna ne kaɗai ya ƙi bin wannan tsari, ranar bakwai ranar bakwai ce ko ta faɗo Talata.

Kuma da wuya ka sami gida a Illela da ba shi da jini a ƙetare. Gwaggo tana Ƙonni, kawu yana Tsarnawa, an kai ƙanwa aure Galmi. Gudummawar biki tana zuwa gauraye, wata ta ba da naira wata ta ba da jikka, mai rubutawa a littafi ta san yadda za ta daidaita don ranar ramawa. A rufewar 2023 mun ga an ɗauki amarya a kan babur ta hanyar gona, kayan gara a amalanke, saboda takunkumi bai san an sa rana ba. Irin wannan taro na dangin ƙasa biyu ba ya shiga tsakar gidan fuloti guda. A Sakkwato masu hali suna kama ɗakin taro. A nan, da fili ya tafi, sai a toshe layi da kanofi da kujerun roba, masu kabu-kabu su yi ta zagaye suna tsaki, maƙwabci mai marar lafiya ya rasa ta inda mota za ta shigo. Rigimar da muke gani yanzu tsakanin maƙwabta ranar Asabar, rabinta rigimar rashin fili ce.

Akwai kuma abin da ba mu so mu taɓa amma dole. Tun da 'yan bindiga suka addabi gabashin Sakkwato, su Sabon Birni da Isa da Goronyo, kuma hare-haren Nuwamba 2021 suka taɓa ƙauyukan ƙaramar hukumarmu, mutanen karkara suke ta shigowa gari. Wanda yake da rumbu uku jiya, yau ɗaki guda yake nema haya. Wasu sun raɓa a kangayen nan da suka tsaya a linta, sun rufe taga da buhu. Cikin gidajen da aka gina a tsohon filinmu, akwai wanda iyali biyu daga ƙauye suke ciki. Idan muka wuce muka ga yaransu a ƙofa, bakinmu ba ya iya cewa a mayar mana da wurin ƙwallo.

Yanzu kuma ga sabon babi. A Oktoba 2024 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da aikin babban titin Sakkwato zuwa Badagry, kilomita 1,068, kuma daga Illela aka ce zai fara. Tun da maganar ta fito, hirar majalisa ta koma ta ina zai bi, gonar wa zai ci, nawa za a biya diyya. Wanda takardarsa ta hannu ce, shaidunsa sun rasu, ya fara neman yadda zai sabunta. Dillalai kuma kowace gona suka nuna maka, sai su ce bakin sabon titi ce.

'Yan uwa, ga inda abin ya shafe mu a matsayin masu alƙalami. Muna karanta labaran juna a nan kowane mako. Tauraro yana da tangamemen gida a Abuja, ya tashi zuwa Dubai, an yi dina a babban ɗakin taro. Ba laifi, mu ma mun rubuta irinsa. Amma ba mu tuna labari ko ɗaya da ya nuna zaman rabon gona, inda yaya yake so a sayar, ƙane yake so a noma, uwa ta yi shiru a bayan ƙyaure. Ba mu ga dillalin da ya sayar da fegi guda ga mutum biyu ba, ko tsohon ɗan kokowa da ya koma gadin sito a kan wurin da ya taɓa yin kaye. Waɗannan mutane suna nan da rai, kuma masu iya nuna inda tsohon fage yake suna raguwa. A ƙungiyarmu mun fara bin su da waya muna naɗar muryarsu, muna tambayar abu uku kawai: gonar wa ce, wa ya yi wasa a kanta, yau wa ke ciki. Dattijon gindin bedi shi muka fara yi wa. Ya lissafa mana fagage huɗu a cikin gari da ya taɓa shiga yana saurayi. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya: biyu gidaje ne, ɗaya jerin shaguna, ɗaya an kewaye shi da katanga an sa ƙofar ƙarfe, ba kowa ciki sai tumfafiya.

A namu filin saura fuloti biyu ba a gina ba, an ce mai su yana ƙetare. Asabar da ta wuce mun bi ta wurin bayan la'asar. Ƙannenmu suna buga biyar-biyar a tsakanin harsashin gini, bulo biyu ne raga, idan ƙwallo ta faɗa gidan mutane sai a tura mafi ƙanƙanta ya yi sallama ya roƙo. A bakin layi kuma an kafa kanofin wunin wata amarya, dangin Ƙonni sun cika kujeru. A gefe guda an sauke tifa biyu ta yashi.